Kunun Aya a Motar Kuje

Tun ƙarfe goma Surayya ta girke kularta ƙarƙashin wata bishiya a gaban wani ofishin gwamnati a Wuse, ga shi har an yi la'asar kwalba uku kacal suka fita cikin arba'in. Biyu Madam Clara mai gyaran takardu ta saya. Ta ukun kuwa Surayyar ce ta shanye don takaici.

A wajen horon sana'a an koya musu cewa kafin a fara kasuwanci sai a tambayi jama'a. Ta kuwa tambaya. Takarda sittin ta raba wa ma'aikatan nan, ko za su sayi kunun aya mai sanyi da tsakar rana, duk sittin ɗin suka ce e. Abin da mai horon bai faɗa ba shi ne, mutanenmu ba sa kallon idon yarinya mai fara'a su ce mata a'a.

Kuma ta yi alkawari da babanta: in kula ta dawo gida da kaya, gobe ta tafi ta kama aikin sakatariya a kamfanin Kawu Badamasi, a bar zancen sana'a.

Ta hango Malam Maharazu, wanda ya fara cike mata takarda, yana neman wucewa ta bayan mota.

"Ranka ya daɗe, kai ne fa ka rubuta kwalba biyu kullum."

"Wallahi ƙanwata, yau Alhamis, azumi nake. Rabin ofishinmu ma haka. Allah Ya kawo kasuwa."

Ita da ta zaɓi Alhamis don an ce mata rana ce mai albarka!

Ƙarfe shida ta ja kula zuwa motar Kuje. Direba Ɗangoggo ya leƙa ciki.

"Hajiya, wannan akwatin gawar ma fasinja ne?"

"A cinyata zan ɗora, Oga."

Ba su kai Lugbe ba hanya ta cushe, motoci suka tsaya cak. Can sai kiran magariba ya tashi daga wayar wani. Wani dattijo mai jakar ofis ya leƙa taga hagu da dama.

"Yau ko mai ruwan leda babu? Kowace Litinin da Alhamis a nan nake shan ruwa, da yawun bakina."

Surayya ta buɗe kula. Sanyi ya bugi fuskar na kusa da ita.

"Baba, ga kunun aya."

Bai tambayi kuɗi ba sai da ya kai rabi. Hannuwa suka miƙo daga baya. Na motar da ke gefe suka gani, su ma suka fara ƙwanƙwasa gilashi. Ɗangoggo, da bai yi azumi ba, ya sha biyu.

"Da akwai ƙosai, 'yata, da kin gama mana komai," in ji dattijon. "Za ki zo Litinin?"

Ta buɗe baki za ta tambaye shi ko zai saya, sai ta fasa. Ta dubi kwalbar da ke hannunsa, babu ko ɗigo.

A gida babanta ya ɗaga kula da hannu ɗaya, ya jijjiga.

"Ashe binciken naki ya yi aiki. A adana takardun nan."

"Suna nan, Baba," ta ce. "Da su zan ƙunshe ƙosai ran Litinin."