Tattabarun da Aka Ara

Geng Fulai yana baranda yana kankare kashin tattabaru ya ji ƙararrawar ƙofa, kuma daga irin dannawar ya san mai zuwan. Mutum ɗaya ce a duk benen take danna ƙararrawa kamar gobara ta tashi, ita ce Shan Yulan, sakatariyar reshen Jam'iyya na unguwa. Matarsa Rong ta buɗe mata, ta zuba mata shayi, sannan ta ƙwala masa kira.

"Tsoho! Fito ga Sakatariya. Ka wanke hannun nan tukuna, kar ka kore mana baƙuwa da wari."

Baƙuwa dai a baki. Su ukun duk 'yan Lungun Rijiya Biyu ne, can tsakiyar Beijing, kuma Geng ya san Yulan tun tana yawo da majina. Damunar bara aka zo aka shafa wa bangayen lungun jan fenti, kafin sanyi ya ƙare an rushe shi kaf, wai za a yi lambu a gaban babban zauren taro. Yulan ce ta bi gida gida tana lallashi har kowa ya yarda. Aka kwaso su zuwa bayan gari, aka ba su hawa na goma sha huɗu, da ruwan zafi da banɗaki a cikin ɗaki. Rong kam ta samu duniya, ta ce ko a mafarki ba ta son ta sake ganin layin banɗakin lungu. Geng kuwa, tattabarunsa goma ya sa a kwando ya taho da su, ya yi musu keji a baranda, kuma tun ranar bai saki ko ɗaya ba.

"Yaya Geng, albishirinka," in ji Yulan.

"In daga bakinki ne, Sakatariya, bari in zauna tukuna."

Ta yi dariya, ta kurɓi shayi, ta shiga bayani. Da kaka shugabannin ƙasashe za su zo taro, na Afirka da na wasu wurare masu nisa. Ranar buɗewa za a saki dubban tattabaru a gabansu. Hukuma kuwa ba ta kiwon tattabara, aro take yi wurin masu kiwo, kamar yadda aka saba. Za a riƙe su 'yan kwanaki, likita ya duba su, a ciyar da su, a sake su a filin, kowace ta kama hanyar gidansu.

"An sa ka ka kawo goma," ta ce.

"An sa ni, ko ana tambayata?"

"Haba, Yaya Geng. Sa kai ne. Wa ya taɓa yi maka dole?"

Geng ya shafa ƙeya. Ya yi mata bayani a hankali, yadda ake yi wa yaro. Tattabara ba ta san an ba ta sabon gida ba. Wadda ta girma a wuri, in ka canja mata, sai ka kulle ta har ta yi ƙwai ta ƙyanƙyashe sau biyu ko uku, sannan ka fara sakinta da yunwa, dab da magariba, kana addu'a. Nasa biyu ne kacal aka ƙyanƙyashe a nan. Sauran in aka sake su a tsakiyar gari, ina za su nufa?

"Mutum nawa aka taso daga lungun nan?" in ji ta. "Kowa ya saba. Tsuntsu ne zai gagara?" Ta ajiye kofi, ta gyara zama. "Af, ya labarin Tao? Na ji ana so a ba shi shugabancin aikin tashar jiragen ruwan nan da suke ginawa a Afirka. An zo an tambaye ni gidanku. Na ce gidan Geng ai ba su da abin faɗa, ko yaushe aka neme su suna gaba."

To fa. Tao shi ne ɗansu tilo, injiniya, kuma hannunka mai sanda ba ya wuce haka. Yulan ba muguwa ba ce, kada a ɗauki alhakinta. Ita ma daga sama aka ce mata kaza, kuma na sama ba ya jin labarin ƙwai da ƙyanƙyasa.

Da ta fita Rong ta tattara kofuna tana ƙunƙuni. "Ka ba su mana. Tsuntsaye ne fa, ba 'ya'yan cikinka ba. Shekara arba'in ina kishi da masu fiffike."

"Ke dai ba ki taɓa son su ba."

"Ina son su mana. A miya."

Ran Geng ya ɓaci ƙwarai, kuma tsoro ya kama shi. Waɗannan su ne ragowar garken da ubansa ya bar masa. A lungu, kullum da safe yakan ɗaura wa manyan ɗan usur na duma a wutsiya ya sake su, su yi ta kewaya rufin gidaje suna wata irin busa mai daɗi, tsofaffi na ɗaga kai daga kwanon kunun gero. In ya kaɗa gwangwanin masara su sauko a kan rufinsa. Abin da ya rage masa na lungun ke nan.

Sai ya shiga dabara irin ta masu kiwo. Akwai wani namiji mai suna Toka, shi ne jagoran garken, inda ya karkata nan sauran ke bi. Geng ya haɗa shi da macensa Auduga a keɓe har ta yi ƙwai ta kwanta. Namijin da ya bar mace a kan ƙwai, in ji masana, ko daga bangon duniya sai ya dawo. Ya tura kejin bakin baranda don su riƙa kallon unguwa, ya ɗaura jan ƙyalle a jikin ƙarfe. Amma kallon me? Benaye ne jere reras, tsayi ɗaya, fenti ɗaya. Shi kansa Geng ya taɓa shiga na maƙwabta ya yi ta cusa mukulli a ƙofar mutane.

Ranar da motar hukuma ta zo ya miƙa goma, har da Toka da ƙananan biyun da aka ƙyanƙyashe a nan. Ya bar Auduga a kan ƙwai, da wata tsohuwa mai ciwon ido.

Ranar taro gari ya waye garau, sama shuɗiya tas, don an dakatar da masana'antu tun makon da ya wuce. Suka zauna gaban talabijin. Baƙi suka yi ta saukowa daga baƙaƙen motoci, wasu da kwat, wasu da manyan riguna, yara na kaɗa furanni. Aka yi jawabi, aka yi tafi, aka sake yin jawabi. Can sai aka buɗe akwatuna, sama ta rufe da fiffike.

"Ga naka can!" in ji Rong, tana nuna gilashi da tsinken cin abinci. "Wancan mai kama da kai, mai ɓacin rai."

Geng ya riga ya fice baranda da gwangwaninsa. Kafin a sauke abincin rana ƙananan biyu suka faɗo a kan jan ƙyallen suna haki. Ya ba su ruwa cike da murna. Ya ci gaba da kaɗa gwangwani. Abokan kiwo suka yi ta bugo waya, wannan ya ce nasa sun cika, wancan ya ce saura ɗaya. Rana ta yi sanyi, taliyarsa ta sandare a kwano. Auduga tana kwance a kan ƙwai tana juya kai. Har fitilun titi suka kama babu Toka, babu sauran.

Washegari da sassafe ya ɗauki kwando da gwangwani ya shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa. Bai gaya wa Rong inda za shi ba, ita ma ba ta tambaya ba, sai dai ta cusa masa burodi mai ɗumi a aljihu.

Rabonsa da tsohon lungunsu tun ranar tashi. Da ya fito daga tasha sai ya tsaya turus. Ciyawa ce shimfiɗe kore shar, da furanni a tukwane, da tutocin ƙasashe a jere har gaban zauren. An kewaye lambun da igiya. Babu bango, babu rijiya, babu ko tubali ɗaya. Abu guda aka bari, tsohuwar bishiyar da ke ƙofar gidansu, don ita doka ta hana a sare ta.

A gindinta ya gan su, sun takure a kan ciyawa.

Ya matsa jikin igiya ya kaɗa gwangwani. Nan take suka ɗaga kai. Toka ya tashi, sauran suka bi shi, suka yi kewaye ɗaya a saman bishiyar, sannan suka sauko gefenta, daidai tsayin da rufin yake a da. Suka miƙe ƙafafu za su sauka. Babu komai a wurin. Suka yi ta fuffuka a iska, sannan suka zube ƙasa. Ya sake kaɗawa, suka sake yin haka. Ai ba wurinsa suke zuwa ba. Duk rayuwarsu ƙarar gwangwanin nan rufin take nufi. Geng ya daina kaɗawa don tausayi.

Ya ɗaga ƙafa zai tsallake igiya, wani ɗan sanda ya tare shi cikin ladabi. "Baba, ba a shiga."

"Tsuntsayena ne, ɗana. Ga su can."

"Na gani, Baba. Ba a shiga."

"Yaya Geng?"

Ya waiga. Yulan ce, da jan ƙyallen 'yan sa kai a damtse, an kawo ta gadin lambu ita da wasu tsofaffi. Idonta ya nuna tun jiya take kallon abin da yake kallo. Ya buɗe baki zai ce ai na gaya miki, sai ya ga ba shi da ƙarfin faɗa.

"Ma'aikatan lambu sun ce gobe za su kawo raga," ta ce ƙasa ƙasa. "Wai suna ɓata ciyawa."

Ta dubi ɗan sandan, ta dubi Geng. Sai ta cire fil, ta zare jan ƙyallen daga hannunta ta ɗaura masa, ta juya da muryarta ta ofis.

"Wannan ɗan sa kai ne daga reshenmu. An turo shi ya kwashe tsuntsayen nan kafin baƙi su fito ganin lambu. Ko kai za ka amsa tambaya in suka yi wa wani shugaba kashi a ka?"

Yaro ya ɗaga igiya da kansa.

Geng ya taka ciyawar. Bai nemi alama ba, ƙafarsa ta san hanya. Ya wuce inda shagon mai gyaran keke yake, ya karkata inda famfo yake, ya tsaya a tsakar gidansa, ya tsuguna. Ya kaɗa gwangwani sau ɗaya. Kai, sai ga su a kafaɗa, a gwiwa, a ka, suna wawar masara a tafinsa. Ya riƙa kama su ɗaya bayan ɗaya yana sawa a kwando. Bakwai ne. Wata mai ɗigon baƙi a wuya ba ta nan, kuma bai ga ko gashinta ba. Toka ya kama a ƙarshe, ya ji ƙirjinsa na bugawa a hannunsa.

"Shashasha," ya ce masa. "Matarka na can a kan ƙwai."

Da ya fito ya kwance ƙyallen ya miƙa wa Yulan. Ta karɓa tana kallon bishiyar.

"Makon jiya na taso daga taro na hau bas," ta ce. "Ban farga ba sai ga ni a nan. Har na ciro mukulli."

"Sabo ne, Yulan."

"Uhm." Ta maƙala fil, ta gyara murya. "An yaba ƙwarai. An ce reshenmu ya fita kunya."

"To madalla, Sakatariya."

A gida ya buɗe kwando a cikin keji. Toka ya sha ruwa, ya nufi Auduga yana gurnani kamar bai yi laifin komai ba, ta tashi ya hau ƙwan. Rong tana tsaye a bakin baranda, ta ƙirga su da ido, ba ta yi tsokana ba.

"To ai shi ke nan, sun dawo," ta ce. "In sun ƙyanƙyashe sai ka fara sakinsu, ko? Ka ɗaura musu usur ɗin nan naka su dame mu."

Geng ya girgiza kai. Ƙwai ma bai dawo da Toka ba. Yanzu sun ga hanya, duk ranar da ƙofa ta kuskure ta buɗe can za su, su yi ta neman rufi a iska har mai raga ya zo. Ƙananan biyu za su tashi, su da 'ya'yan da za a haifa a nan. Tsofaffin kuwa sun gama.

Ya sa hannu ya ɗauko Toka daga kan ƙwan, ya buɗe fiffikensa a hankali, dogayen gashin suka baje a tafinsa. Tun yana yaro yake kiwo, bai taɓa yanke wa tsuntsu fiffike ba, kuma ya sha zagin masu yi.

"Tsohuwa," ya ce, bai ɗago ba. "Miƙo min almakashi."