Littafi na Huɗu

Abokan aikinsa Kadangare suke ce masa, saboda yadda yake hawa falwayar lantarki kamar a kanta aka haife shi. Shekara goma sha tara yana gyaran waya bai taɓa zamewa ba, sai ranar da tsani ya goce da shi a ƙofar wani shago. Ƙafarsa ta karye, likita ya ɗaure ta da filasta, ya ce mako shida ban da taka ƙasa.

Kwana huɗu kawai ya yi a kujerar falo ya ishi kowa. Ya kwance fanka ya mayar. Ya buɗe dutsen guga da lafiyarsa ƙalau, ya rufe shi da ragowar kusa biyu a hannu. Matarsa tela ce, kekenta na nan gefen taga, kuma duk bayan minti goma sai ya tambaye ta ƙarfe nawa.

"Baban yara, agogo na kanka," ta ce. "Wallahi ka fi jinjiri wuyar reno."

Da rana ta shiga ɗaki neman takardar asibiti a jakarsa, sai ta fito da wata daban, ta yi ja don tsufa. Jerin littattafai ne goma sha biyu, manyan labaran da ake cewa duk mai karatu ya kamata ya sani. Shi ya rubuta da hannunsa tun yana makarantar koyon sana'a. Uku na sama ne kawai aka ja wa layi.

"Ina na huɗun?" ta tambaya.

Ya nuna ƙarƙashin teburin yanka. Shekara bakwai littafin yana tokare da gajeriyar ƙafar teburin. Ta zaro shi, ta kakkaɓe, ta ɗora masa a cinya. Shafi ɗari takwas da 'yan kai.

Da farko abin bai tafi ba. Ya karanta shafi biyu ya ajiye, ya sosa cikin filasta da waya, ya sake ɗauka. Kuma ba ya iya karatu shiru.

"Ji wannan mata don Allah! Injin niƙa ɗaya mijinta ya bar mata, 'ya'ya uku, kuma ta kori ƙaramin a kan magana ɗaya."

"Me ya ce mata?" in ji matarsa, ba ta ɗago daga ɗinki ba.

"Ba a faɗa ba tukuna. Marubucin ya tsaya yana siffanta kogi. Shafi shida, kogi!"

Washegari da barcin rana ya ɗauke shi, ta ɗauki littafin don ta duba abin da ɗan ya ce. Da ya farka ya tarar keken shiru, rigar mutane na rataye a allura, ita kuma tana shafi na arba'in.

Daga nan zaman lafiya ya ƙare. Yana karatu tana kai da komowa a bayansa, tana ɗinke wuyan riga a baibai tana farkewa. Tana karatu yana buga sandarsa a ƙasa yana cewa jerinsa ne, sunansa ne a kai. Ranar da ya wuce tsakiya, ita tana shafi na casa'in, ta miƙa hannu.

"Kawo in ga wani abu."

Kafin ya ankara ta sa reza a gadon bayan littafin, ta raba shi biyu kamar yadi.

"Maman yara! Kin san shekarun littafin nan?"

"Na san shekarunsa a ƙarƙashin teburina."

Ta yi wa kowane rabi bango da ragowar ƙyalle, ta ba shi na baya. Sai dai ta fi shi sauri. Cikin kwana tara ta gama nata, ta dawo ta tsaya masa a ka. Ya fara tsallake shafuka don kada ta kamo shi, har ya rasa yadda aka yi ɗan tsakiya ya zama soja, dole ya koma baya yana tsaki. Ta sake kawo reza. Zuwa ranar da aka cire filasta littafin ya zama kashi biyar, kuma na ƙarshe, shafi talatin, yana aljihun rigar aikinsa.

Ogansu bai bari ya hau ba a makon farko, ya ce ya riƙe tsani ya miƙa kaya. A bayan motar aiki ya ƙarasa, tsakanin naɗin waya da akwatin filaya, mota na tsalle layuka na guje masa. Da ya kai shafin ƙarshe ya juya shi, ya duba ko akwai wani a manne. Babu.

Yana shiga gida da la'asar ta miƙo hannu kafin ta amsa sallama.

"Kin san abin da matar nan ta yi da ɗan ya dawo?"

"Ka ƙara kalma ɗaya in ɗinke bakin nan. Fita."

Ya miƙa mata takardun ya fita. Ya bi layinsu yana ɗingishi har shagon mai faci, ya dawo, ya leƙa taga. Kanta na ƙasa. Ya sake tafiya. Mai faci ya tambaye shi ko wani abu ya ɓata, ya ce motsa ƙafa likita ya sa shi. A zagaye na huɗu ya ji muryarta.

"Baban yara, shigo!"

Ya same ta ido jawur, takardun a cinya.

"Ta ƙi buɗe masa ƙofa," ya ce tun daga bakin labule. "Shekara ashirin, uwa, ta ƙi buɗewa. Wane irin ƙarshe ne wannan?"

"Ba ƙi ta yi ba. Ƙafafunta ne suka kasa ɗaukarta."

"Ina aka rubuta haka?"

"Ba sai an rubuta ba. Ai da ma ka tsallake babin da ta kwanta ciwo, na gan ka."

Ya ja kujera kusa da keken, ya zauna a gefenta yana karkaɗa lafiyayyar ƙafar.

"A wane kashi yake?"

"Mai koren bango. Yana ƙarƙashin rigar can, kada ka yamutsa mini ita."