Wuƙar da Na Zaɓa wa Chebo

Wata huɗu da aurenmu injin matse rake ya cinye wa mijina Eusebio, wanda kowa ke kira Chebo, yatsu uku na hannun dama. Taya kawunsa aikin yini ɗaya ya je yi, ya dawo da babban yatsa da ɗan ƙaramin kawai, tsakaninsu fili. Kafin wannan rana, in ana zancen masu aurar da lemun tsami a yankinmu na Misantla, sunan Chebo ake fara kira. Zai tsuguna gaban dashe, ya yanko idon toho daga reshen lemo mai kyau, ya tsaga ɓawon dashen, ya zura idon, ya naɗe da leda, kafin ka haɗiye yawu ya matsa gaba. A haka na fara ganinsa a gidan renon dashe na Don Nabor, ran da na kai wa ma'aikata tamale, ƙullin masara da muke dafawa cikin ganye. Hannunsa na fara so, sai daga baya na ɗaga kai na ga mai hannun.

Da ciwon ya warke, wansa ya aiko daga birnin Monterrey cewa ya samo masa aikin gadi a wata masana'anta, da gado ɗaya a ɗakin maza shida. Ba a zuwa da mata. Tafiyar kuwa kusan kwana guda ce a mota. Chebo ya ce a ɗan ba shi lokaci, ya je ya sami Don Nabor.

"Ka san ni, Chebo, ba na ɗaukar mutum don tausayi," in ji tsohon. "Farkon Yuni zan ba ka dashe ɗari. In tamanin suka kama bayan sati uku, gurbinka na nan. In ba su kama ba, kada ka ga laifina."

Ko dai tamanin su kama, ko mijina ya tafi. Da wannan nake kwana, da shi nake tashi.

Sai ya shiga koya wa hannun hagu aiki kamar mai koya wa jariri tafiya. Tsohuwar wuƙarsa ya jefa ta cikin akwati. Na ɗauka don tana da nauyi ne, kuma sai da farce biyu take buɗuwa. Ya samo guntun zarton ƙarfe, ya danne dutsen washi da ƙafa, ya yi kwana shida yana wasa shi, sannan ya naɗe gindinsa da robar tayar keke. Da wannan abin yake zama a bayan ɗakinmu kowace safiya, yana yankar idanun lemo har ƙasa ta rufe da ganye. Ranar da abokinsa Lencho ya zo ya gani, sai da ya riƙe ciki don dariya.

"Compadre, aminina, wannan wuƙa ce ko haƙorin jaki?"

"Kawo kunnenka in gwada maka."

"A'a, bar shi, tsatsar ma ta isa ta kashe ni!"

Suka yi ta dariya su biyu. Ni ban yi ba. Na hango shi a tsakiyar maza ashirin, kowa ya zaro wuƙa mai sheƙi, nawa mijin ya zaro tsumma da guntun ƙarfe a hannun da bai saba ba. Zuciyata ta ƙi ɗaukar wannan hoton. Na ce a raina, in ba zan iya mayar masa da yatsunsa ba, ai zan iya hana a yi masa dariya.

Ana saura kwana biyu a yi gwajin na ɗauki abin da na tara daga sayar da tamale, na ce wa surukata zan je sayen yadi, na hau mota zuwa garin Martínez. Akwai shagon kayan noma na wata tsohuwa, Doña Praxedis, a bakin kasuwa. Na ce mata ina son 'yar wuƙar aljihu mai naɗewa, marar nauyi, wadda mutum zai yini da ita bai san tana jikinsa ba.

Ta dube ni ta saman tabarau. "Ta saurayi ce ko ta miji?"

"Ta miji."

"To mu duba masu arha, ai an riga an kama shi."

Ta shimfiɗa ƙyalle a kan kanta tana jera su. Ta farko ja ce, da almakashi da mabuɗin kwalba da wasu tarkace a cikinta. "Wannan ta 'yan birni ce, masu yankan farce a ofis," ta ce, ta ture ta da kanta. Ta biyu mariƙinta ƙahon sa ne, kyakkyawa, amma da na jefa ta a aljihun siket sai da ya rinjaya gefe. Ta uku na yi ta fama da ita har farcena ya tsage ba ta buɗe ba.

"Wai me yake yi ne, wannan mijin naki mai tsada?"

"Auren lemo."

"To ki faɗa mana tun farko, 'yar nan, kin bar ni ina ta zuba kamar rediyo!"

Ta sunkuya ta ɗauko wani ɗan kwali. Wuƙar ciki ba ta wuce tsawon yatsana na tsakiya ba. Mariƙin na baƙin katako ne mai santsi, a gindinsa akwai ɗan harshen tagulla na ɗaga ɓawo. Na ɗora ta a tafin hannu, kamar busasshen ganye. A jikin ƙarfen akwai wani ɗan ƙulli, da na tura shi da babban yatsa sai ta buɗe da kanta, ƙas, ba sai da hannu na biyu ba. Na rufe, na buɗe, na rufe, na buɗe. Hawaye suka cika min ido a gaban matar mutane.

Saura kaɗan in gaya mata zancen hannun. Maganar ta zo har bakina. Amma na gaji da irin fuskar da mutane ke yi in sun ji, kai ya karkace, baki ya ce wayyo. Na so ko sau ɗaya in yi zancen Chebo yadda yake a da.

"Duk Misantla ba wanda ya kai shi iya aure," na ce.

"Kowace amarya haka take cewa. Kawo in naɗe miki."

Safiyar gwajin, yana bayan gida yana wanke fuska, na buɗe jakarsa na zare guntun zarton, na cusa shi ƙarƙashin buhun masara. Na sa sabuwar a madadinsa, naɗe cikin takardar da na rubuta cewa hannunsa ya cancanci abu mai kyau, ko wanne ne daga cikin biyun. Motar ma'aikata ta yi oda, ya sumbaci goshina ya fita da gudu. Yini na yi ina murmushi ni kaɗai, ina ƙissima fuskarsa in ya buɗe jakar.

Da yamma ya shigo ya ɗaga ni sama da hannu ɗaya.

"Gajeruwata, ashe ɓarauniya na aura?"

"Ta yi maka?"

"Ta fi mai ita kyau."

"Aikin nake tambaya, sarkin zolaya."

"An yi ɗari, an naɗe. Saura na Allah."

Na ga ya ɗaure babban yatsansa na dama da ledar aure, jini ya taru a ciki. Ya ce ƙaya ce. Wake da tortilla, wainar masararmu, ma loma uku ya yi ya ce gajiya ta cika masa ciki.

Sati ukun nan ban taɓa ganin mutum mai kirki kamar Chebo ba. Ya gyara rufin da ke yoyo, ya sake wa mahaifiyarsa akurkin kaji, ya tara itacen girkin da zai kai mu ƙarshen damina. Yakan zauna yana kallona ina niƙa masara har in ce ya daina, kunya nake ji. Wuƙar kullum tana aljihunsa, da ita yake ɓare min lemo. Ni kuwa, wawiya, na ɗauka farin ciki ne.

Ranar kwance leda, tsakar rana sai ga Lencho shi kaɗai a kan babur. Bai ko gaishe ni ba.

"Talatin da ɗaya suka kama, comadre, matar aminina. Sauran duk sun yi baƙi."

Ya kafe babur ɗin ya sauko.

"Ni abin da nake so in sani," ya ce, "wane maƙiyin Allah ne ya ba shi waccan wuƙar? Na tambaye shi ya fi sau goma, ya ƙi faɗa."

"Me wuƙar ta yi?"

Ya zaro tasa ya buɗe a gabana. "Duba nan. Gefe ɗaya kawai ake wasawa, ɗayan a shimfiɗe yake, shi ke bin jikin itace ya ba da yanka miƙaƙƙe. Wannan ta hannun dama ce, waccan da aka ba shi ma haka. In ka riƙe ta da hagu komai ya juye, ko ta nutse ko ta zame, idon ya fito a lanƙwashe kamar cokali, ina zai manne? Shi ya sa ya yi kwana shida yana wasa haƙorin jakin nan ta ɗaya gefen. Duk mu ashirin namu na dama ne, ba mai aron da zai ba shi. Na ce ya roƙa a ɗaga zuwa gobe, ya ce an riga an yanko rassa, kuma in ya buɗe baki za a ce mai guntun hannu ya fara kawo dalilai tun kafin a fara."

Sai a lokacin ya dubi fuskata. Ya rufe wuƙarsa a hankali.

"Wayyo, Herminia," ya ce. "Wayyo, comadre."

Ban san lokacin da na ɗaga buhun masara na ɗauko guntun zarton ba. Na ce ya kai ni wurin Don Nabor. Muka same shi a inuwar rumfa yana shan kofi, Chebo ya riga ya bar wurin da ƙafa. Na durƙusa a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa na faɗi komai, ina kuka ina haɗa magana, na miƙa masa guntun zarton. Ya juya shi, ya gwada kaifin a gashin hannunsa.

"Shi ya wasa wannan? Da hannu ɗaya?"

"Da ƙafa yake danne dutsen."

"Washi ya yi kyau. Tashi, 'yata, kina ɓata tufafinki. Na yarda da ke. Amma dashen bana duk an aurar, ko guda ban rage ba, gurbin kuma na ba wani da safen nan, mai 'ya'ya huɗu. In ce masa ya tashi? Ya dawo baɗi in sake gwada shi."

"Don Nabor, laifina ne, ba nasa ba."

"Na ji. Dashe ne bai ji ba."

Kwana huɗun da suka biyo baya Chebo bai ɗaga zancen ba, ni ma na kasa. Lencho ya gaya masa na sani, na gane daga yadda ya daina haɗa ido da ni. Baɗi da nisa, gida da bakuna uku, wansa kuma ya ce ba za a riƙe aikin ya wuce Litinin ba. Na wanke kayansa, na goge, na ninke. Mahaifiyarsa ta dafa masa tamale ta naɗe da ganyen ayaba, ta ce ba za ta raka shi titi ba, gwiwarta na ciwo. Ba gwiwa ba ce.

Safiyar Asabar muka tsaya a bakin titi, jakarsa tsakanin ƙafafunsa. An yi ruwa da asuba, ƙamshin furen lemo ya cika ko'ina.

"Me ya sa ba ka faɗa min ba?"

"In ce me, Minia?"

"Ka zage ni. Ka ce na kashe mu. Da ya fi min sauƙi a kan gyaran rufi."

Ya yi 'yar dariya marar daɗi. "Ai na zage ki. Da na buɗe jakar na ga gefen da aka wasa, bayan tankin ruwa na zaga, na zauna na zage ki tas, ke da duk wanda ya sayar miki. Sannan na karanta takardar, na sake karantawa. Sai na rasa wanda zan zaga."

"Ka yafe min."

"Tun a bayan tankin."

"To ka zauna. Zan ninka tamale, zan yi wankau, baɗi kamar gobe ne."

"In zauna mace tana ciyar da ni ina ɓare mata lemo?" Ya girgiza kai. Ya dubi hannunsa na hagu, ya buɗe shi ya rufe. "Kin san abin da ke cina? A bayan ɗakinmu, da guntun ƙarfen nan, wata rana yankan ya miƙe, wata rana ya ƙi. Ban san ko da na kai tamanin ba. Wataƙila da na kai. Wataƙila da hamsin zan samu, in dawo in ce miki, Minia, hannun ya tafi, shi ke nan, in tafi da zuciya ɗaya. Yanzu zan je in zauna a bakin ƙofar mutane ban sani ba."

Na kama hannunsa na dama, wanda ba ya son a taɓa, na riƙe yatsu biyun nan a ƙirjina. Bai janye ba.

Motar ta ɓullo daga kwana tana fesa ruwan kwatami. Direban ya leƙo. "Poza Rica, Tampico, masu Monterrey a canza a can! Amarya, sake shi mana, ko ke ma tafiya za ki?"

"Kula da Mama," Chebo ya ce. "Kada ki bari ta hau tsani."

Ya ɗauki jakar ya hau. Na bi tagogin ɗaya bayan ɗaya ina neman fuskarsa, amma kujerun ɓangarena duk da mutane, ya wuce ya zauna a ɗaya gefen. Na zagaya ta baya da gudu don in gan shi, kafin in kai motar ta tashi.