Ranar da Kofur Tumbo Ya Kasa Cin Abinci

Ni da Mihayo Lugata rana ɗaya muka shiga soja a Tabora, ana tsakiyar yaƙin Turawa na biyu. Ni manomi ne, shi kuwa mai rubuta lamba ne a jikin taragun jirgin ƙasa. Siriri ne, kuma bai taɓa iya fareti ba. In an ce hagu, sai ya tsaya tunani.

Samanjanmu Chipeta, mutumin Nyasa mai gashin baki kamar ƙahon ɓauna, ya tsane shi tun ranar farko. Wata safiya a barikinmu na tsibirin Silon, Mihayo ya ɗauki gawayi ya zana shi a bangon kicin yana koya wa alfadari fareti, alfadarin yana hamma. Kafin azahar kowa ya gani. Chipeta ya tasa ƙeyarsa har gaban Kyaftin. Mun ɗauka gadirum za a kai shi, amma Baturen ya je ya dubi bangon, ya juya mana baya kafaɗunsa na rawa, sannan ya ce a tura shi wurin masu buga jaridar soja ta Swahili.

A can ya ƙirƙiro Kofur Tumbo, wani gajeren soja mai ƙaton ciki wanda ba abin da ke ransa sai abinci. Tumbo ya tuƙa ugali, tuwon masararmu, a hular kwano. Tumbo ya kamo abokin gaba shi kaɗai don kawai ya bi ƙamshin shinkafarsa. Yawancinmu ba mu iya karatu ba, saboda haka wannan shafin shi ne namu. Kowace runduna tana rantsuwa nata mutumin ya zana. Mu dai mun san Kapaya ne, ɗan ƙauyenmu, wanda ke cinye rabon mutum uku ya kuma leƙa kwanon na huɗu. Shi ma Kapayan har bugun ƙirji yake yi.

Da aka kai mu fagen yaƙi a ƙasar Bama, Mihayo ya nace sai an bar shi ya biyo mu daji. Ya ce in bai jiƙe tare da mu ba, ƙarya zai riƙa zanawa. Ya kuwa jiƙe. Rigar ruwansa takardu yake naɗewa da ita, shi yana tafe matsattsaku suna shan jininsa.

Wata rana muna ƙetare wani kogi da ya cika, igiyar da muke riƙewa ta tsinke. Mutum goma sha ɗaya ruwa ya tafi da su a kan idonmu, har da Kapaya. Ba mu samu gawa ko ɗaya ba.

Bayan kwana biyu Kyaftin ya ce Mihayo ya yi abin da zai sa mutane dariya, don jikin kowa ya mutu. Mihayo ya kawo masa zanen Tumbo zaune a bakin ruwa, ga kwano cike a gabansa bai taɓa ba. Babu rubutu ko kalma ɗaya. Kyaftin ya daɗe yana kallo, ya ce ba za a buga wannan ba. Chipeta, da ke tsaye a wurin, ya ɗauki takardar kamar zai je ya yar, ya soka ta a aljihu.

Da aka zo rabon abincin yamma sai ya miƙa wa na farko a layi.

"Ku duba, ku miƙa gaba," in ji shi. "Wanda ya shafa mata maiƙo zai gamu da ni."

Ba wanda ya yi dariya. Ta bi hannu-hannu har ta zo kaina, kuma a nan ne na iya kukan da ya ƙi zuwa tun a bakin kogin. Mako uku takardar tana yawo tsakanin rundunoni kafin ruwa ya narkar da ita. Washegarin rabon kuwa Chipeta ya sa Mihayo tsallen kwaɗo saboda maɓalli ɗaya da ya ɓata.

Da yaƙi ya ƙare Mihayo ya gwada gidajen jarida a Dar es Salaam, suka ce ba su da gurbi. Ya dawo Tabora, ya auri Milembe, ya kama zanen allunan masu aski. Duk Asabar mukan haɗu a gindin mangwaron tasha mu sha shayi. Ni na fara lura cewa kawunan da ke allunan nan duk na 'yan rundunarmu ne. Samari su nuna ɗaya su ce a yi musu irinsa, ba su san wane ne ba.

"Kai ma kana wurin mai askin kasuwa," ya ce mini. "Na rage maka kunne, ka gode mini."

Da hannunsa ya fara rawa, 'yarsa ta karɓi burushin, shi yana zaune a gefe yana mita. Ya rasu damina biyu da suka wuce. Mu huɗu ne tsofaffin soja a wurin binne shi. Muka yi niyyar sara masa a tare, amma kowa ya ɗaga hannu a nasa lokacin.