Inda Tirela Ta Daina Kaɗa Wutsiya

Ina farawa da sunan Allah, ina kuma neman gafararSa a kan shirun da na yi wata safiya a Mildura, domin daga shirun nan ne duk abin da zan faɗa ya samo asali.

Bayan na ajiye limanci a masallacinmu na Shepparton, ni da mai ɗakina Feride muka sayi ɗakin tafi-da-gidanka, irin tirelar nan mai gado da murhu da ake ja da mota, da niyyar ziyartar tsohon masallacin masu raƙuma da ke Broken Hill. Ƙaninta Nezir ne ya karɓi tuƙi, saboda idanuna sun yi rauni. Nezir manomin tuffa ne, kuma bai taɓa ganin ƙarfe biyu a ajiye ya wuce ba tare da ya haɗa su da walda ba. Shi ya ƙera mana mariƙin kekuna, ya liƙa shi a bamba, wato ƙarfen kariya na bayan tirelar, muka ɗora kekuna uku: nawa, nasa, da na Feride mai batir da kwando, wanda sai mutum biyu ke ɗaga shi.

A sansanin matafiya na Mildura muka kwana. Da safe muna haramar tashi, wata tsohuwa da ta yada zango kusa da mu, mai suna Beryl, ta zagayo da kofin shayi a hannu. Ta kama mariƙin ta girgiza.

"Wane gwani ne ya yi wannan aika-aika?"

"Ga shi a gabanki, Baba," in ji Nezir. "Ko saniya kika rataya a nan ba za ta faɗi ba."

"Saniya a tsaye ba. Ɗana, bayan tirela kamar bakin bulala yake. In mota ta yi tsalle taki ɗaya, can baya kamu guda ake yi. Wannan bambar kuwa don ado aka sa ta. Ga nauyin zai ɗage muku gaba, tirelar ta riƙa rawa. Ku mai da kekunan kan rufin mota, mai nauyin ku sa shi cikin tirela daidai saitin tayoyi ku ɗaure."

Nezir ya yi dariya. "Shekara arba'in ina walda, yau mai shayi za ta koya mini?"

Sai ta dube ni, ganin furfurata. Zuciyata ta gaya mini gaskiya ta faɗa. Amma mutumin nan ya bar gonarsa ya zo yana yi mana hidima, na ji nauyin in kunyata shi a gaban baƙuwa. Na yi murmushi, na yi mata godiya, ban ƙara ko kalma ba.

Tun da muka wuce garin Wentworth tirelar ta fara kaɗa wutsiya. Duk babbar motar da ta gifta sai mu ji ana jan mu hagu da dama. Feride ta riƙe kujera tana salati.

"Nezir, rage wuta, ba gadon motar ka yi ba."

"Yaya, iska ce kawai. Liman, gaya wa matarka ajali ba ya zuwa sai da lokaci."

Can gaba muka hau ƙarafunan nan da ake shimfiɗawa a titi don hana tumaki tsallakawa. Muka ji wata ƙara mai ƙarfi daga baya, motar ta yi tsalle, sannan komai ya lafa. Tirelar ta miƙe sumul tana bin mu kamar raƙumi da akala.

"Kun gani?" in ji Nezir. "Ta sami mazauninta."

Ni kuwa na ɗaga hannu na ce, "Alhamdu lillahi." Da bakina na faɗa, da murya mai ƙarfi.

Mun yi tafiyar kusan rabin sa'a kafin azahar ta yi, muka ratse gefe. Na ɗauki buta na zagaya bayan tirelar don in yi alwala. Babu keke ko ɗaya. Babu mariƙi, babu bambar kanta. Ƙarfe biyu ne kawai suka leƙo, bakinsu a yage yana ƙyalli, ga wayar fitila tana reto. Waldar Nezir ba ta saki ba. Siririn ƙarfen da ya liƙa ta a kai ne ya tsage.

Butar ta suɓuce daga hannuna. Na bubbuga jikin tirelar ina kiran su. Da suka zo Feride ta dafe ƙirji.

"Inna lillahi! Tun yaushe?"

Dukanmu mun sani. Tun inda ta daina kaɗa wutsiya. A daidai lokacin da nake gode wa Allah, ƙarfe mai nauyin ƙaton mutum yana kwance a tsakiyar titin da ake gudun kilomita ɗari da goma, a bayan wani ɗan tudu. Ni da na shekara talatin ina karantar da mutane cewa kawar da ƙaya daga hanya yanki ne na imani.

Feride ta ce a hankali, "Akwai mai babur a bayanmu. Na gan shi a gidan mai yana cin burodi."

Muka duba wayoyinmu, babu layi. Nezir ya tsuguna, fuskarsa ta yi fari fat.

"Liman," ya ce, bai dube ni ba, "lambar tirelar tana nan a jikinta. Babu abin da ke ɗauke da sunanmu a can. Wataƙila ma wani ya riga ya janye su. In mun isa gari sai mu..."

"Sai mu me?" Feride ta katse shi. "Ɗan uwata, kai ne kuwa? Tashi ka kwance tirelar nan kafin in manta nono ɗaya muka sha!"

Ya tashi. Ya ce, "Sallar fa?"

Na ce, "An yi wa matafiyi sauƙi, azahar za ta iya jiran la'asar. Wanda ke kwance a titi ba zai jira ba."

Muka kwance tirelar, muka sa mata duwatsu a taya, muka juya da motar. Ban san hanya tana da tsawo haka ba. Ina so in yi addu'a, amma ban san me zan roƙa ba, domin abin da ya faru ya riga ya faru, alƙalami ya bushe. Sai na riƙa cewa, "Ya Mai tausayi," ina maimaitawa.

Kwandon Feride muka fara gani a cikin ciyawa. Sai tayar keke a lanƙwashe. Sai baƙin sawun birki, dogo, ya karkata zuwa gefen titi. Ga motar ɗaukar tumaki a tsaye, ga motar 'yan sanda, ga babur a kife cikin jar ƙasa. Kusa da shi hular kwano ce a tsage. Gaba kaɗan kuma mutum ne a miƙe, an lulluɓe shi da bargo tun daga ƙafa har fuska.

Na wanke gawa ba adadi a rayuwata, na san yadda lulluɓi yake. Na buɗe ƙofar mota na fito. Nezir ya kifa kai a sitiyari yana wani irin kuka da ban taɓa jin namiji ya yi ba.

Wata 'yar sanda ta nufo mu tana nuna mana mu wuce. Na taka zuwa gare ta.

"Ranki ya daɗe, kekunan nan nawa ne. Daga tirelata suka faɗo."

Ta tsaya tana kallona. Kafin ta yi magana, sai ga hannu ya fito daga ƙarƙashin bargon, ya janye shi daga fuska.

"Wa ya ce nasa ne? Ku matso da shi in gan shi."

Na durƙusa a gabansa ban san na yi ba. Mutum ne mai kimanin shekara hamsin, gemunsa duk ƙasa da jini. Sunansa Darcy, mai aske gashin tumaki ne, yana kan hanyarsa ta zuwa aiki. Ƙudaje ne suka dame shi ya ja bargon ya rufe fuska. Cinyarsa ta karye, kafaɗarsa ta goce, direban motar tumakin ne ya kira taimako ta rediyonsa.

"Tsoho," ya ce yana cije baki, "mai kwandon naka ne? Da wannan gemun?"

"Na matata ne. Ka yafe mini. An gargaɗe mu da safe, na ji, na yi shiru."

"Ni na yi waldar," in ji Nezir daga bayana. "Ni na ƙi ji. Ki rubuta sunana."

"Duka biyun zan rubuta," in ji 'yar sandar.

Darcy ya lumshe ido. "Yafiya sai na ji abin da likita zai ce da ƙafar nan, da ita nake cin abinci. Yanzu dai in kana son yin abin kirki, kore mini ƙudajen nan. Sun fi karayar ciwo."

Na cire hulata na zauna a ƙasa daidai kansa, na tare masa rana da jikina, ina yi masa fifita. Feride tana jiƙa masa leɓe da ruwa. Nezir kuwa ya bi titi a sunkuye yana tsince kusoshi da gutsattsarin ƙarfe ɗaya bayan ɗaya, har ya yi nisa. Haka muka zauna fiye da sa'a guda kafin motar asibiti ta iso.

Da aka tafi da shi, na haɗa azahar da la'asar a gefen titin. Na ɗaga hannuwa na yi kabbara.