Sawun Taya a Cikin Shanya

Shekara huɗu Yaya Fatihu ya yi yana tare wa Usaini iska.

A tseren keke, wanda yake gaba shi iska take duka a ƙirji. Wanda ya lafe a bayansa, taya dab da taya, hutawa yake yi yana tara ƙarfi. In an kusa layin ƙarshe sai na gaban ya kauce, na bayan ya wuce, shi za a kira sunansa. A ƙungiyarsu Usaini ne jagora. Yayana shi ne mai kaucewa.

Tare suka taso a ƙauyenmu da ke tsakanin Kura da Bunkure, tare suka koyi keke a bakin kanal da tsohon keken Baba na ɗaukar taki. Usaini ya girme shi da shekara biyu, shi ya fara shiga ƙungiyar a Kano, shi ya kai yayana wajen koci Iliyasu ya ce a gwada shi. Duk ranar da suka dawo daga atisaye, a zaurenmu suke zubewa, Iya ta aiko ni da kwanon fura ɗaya da ludayi biyu. Usaini yakan ce wa Iya ya fi sanin ƙeyar ɗanta a kan fuskarsa, in ya gamu da shi a kasuwa sai ya zagaya bayansa kafin ya gaishe shi. Yaya Fatihu yana dariya, amma ni da nake tsaye da butar ruwa na lura dariyar tana raguwa shekara bayan shekara.

A ƙarshen rani na 2006 koci ya ce ba zai ƙara rufe ido ba, ƙafar Fatihu ta kamo ta Usaini. Za a yi gwaji ranar Asabar, daga Kura zuwa Bunkure a juyo. Wanda ya fara taka gadar babban kanal a dawowa shi zai ja ƙungiya zuwa gasar ƙasa, sauran su yi masa aiki.

Daga ranar Usaini ya daina shigowa zaure. Ba faɗa suka yi ba. Yana gaishe da Iya daga ƙofar gida, ya ce yana sauri. Iya ta ci gaba da sa ludayi biyu har kwana uku kafin ta daina.

Ranar Juma'a da la'asar na tarar da yayana yana sa wa sarƙar kekensa mai. Na tambaye shi ko yana jin haushin Usaini ne. Ya ce a'a, haushin me. Ya juya feda da hannu, sannan ya ce:

"Sau ɗaya kawai nake so, Surayya. In hango layin nan in nufe shi, ba tare da na kauce wa kowa ba. In san ko na fi shi ko ban fi shi ba."

A satin an gama yankan shinkafar rani, Iya ta turara tata tana jiran rana. A wajenmu bakin kwalta ake shanya, don ta fi saurin bushewa, kuma yarinyar gida ce take zama tana korar awaki. Wurin shanyarmu yana can bayan masallaci, inda hanya take miƙe da faɗi. Amma daga can ba a ganin gada. Ranar Asabar da safe sai na sa aka sauke mini buhunan a kwanar da ke kusa da ita, inda kwaltar ta tsuke. Da na ga hadari yana haɗowa ta gabas, na ƙara baza ta sosai don ta bushe da wuri, har ta ci rabin hanya. Na zauna a gindin darbejiya da littafina, ban karanta ko layi ɗaya ba.

Da hantsi na hango su. Su biyu ne kawai, sun bar sauran a baya. Yaya Fatihu ne a gaba kamar kullum, ya sunkuya har haɓarsa ta kusa taɓa kan keke, Usaini yana manne da shi. Amma wannan karon na ga tazara tana buɗewa tsakaninsu, taku ɗaya, taku biyu. Na miƙe tsaye.

Daidai lokacin wata akori-kura cike da albasa ta fito daga gada ta kama ɗaya rabin hanyar. Ba sauran wurin wucewa sai kan shanyata.

Yayana ya kama birki. Na ji ƙarar tayarsa, keken ya karkace, ya sauke ƙafa ɗaya a daidai inda shinkafar ta fara. Usaini ya ratse shi ta hagu ya bi ta tsakiyar shanyar, ƙwayoyi suna tashi a bayansa, ya haye gada.

Sawun da ya bari bai fi faɗin yatsa ba. Da na share shi, abin da ya farfashe bai cika tafin hannuna ba.

Koci ya yi ta faɗa. Ya ce tayar keken tsere ba tayar tirela ba ce, wace ɓarna za ta yi, a ina aka taɓa jin ɗan tsere ya tsaya wa shinkafa. Yaya Fatihu ya ce shi ma ya sani. Hannunsa ne ya kama birkin tun kafin ya yi tunani. A gidanmu ko ƙwaya ɗaya ta faɗi sai an tsince ta, ba a taka abinci, tun muna rarrafe Iya take buge mana ƙafa a kan haka. Koci ya ce ya ji, amma wanda ya taka gada ya taka.

Usaini ya zo da yamma. Ya durƙusa gaban Iya ya ce ta yafe masa, ta ce ba komai, Allah ya ba da sa'a. Sannan ya tsaya a bakin zaure, inda yayana yake zaune.

"Ka riga ka tsere min, ƙanena," in ji shi. "Na sani, kai ma ka sani."

"Ban sani ba. Saura kwanar nan da gada. A nan kake kamo mutane."

"To in mun dawo daga gasa mu sake, mu biyu, ba koci."

Ba su sake ba. A gasar yayana ya tare masa iska tun daga farko har kusa da ƙarshe, Usaini ya zo na biyu, wata ƙungiya daga Kudu ta ɗauke shi a satin. Daga can ya wuce, sai jakarsa aka zo aka ɗauka. Koci ya ba Yaya Fatihu jagoranci, tunda ba wani.

Na gaya masa ni na canza wurin shanyar, don in gan shi. Ya dafa kaina ya ce ai kuwa na gan shi. Bai ƙara tayar da zancen ba, kuma da ya yi mini faɗa da na fi samun sauƙi.

Yanzu wasu ne suke tare masa iska. Amma ranar da ba atisaye yakan fita shi kaɗai da safe, ya je Bunkure ya juyo. Ina komawa bayan masallaci da shanyata, sai dai in na ji lokaci ya yi nakan taka zuwa gindin darbejiyar. Yana zuwa da gudu, hanya fayau ba kowa. Duk da haka in ya iso kwanar sai ya waiga ta kafaɗar hagu, kafin ya hau gada.