Takalmin Birkila

Ruwan da ya ci unguwarmu bai yi awa uku ba, amma ya tafi da gada, ya tafi da gidaje sama da arba'in, ya haɗa da rumfata ta bakin gadar, inda na yi shekara talatin ina ɗinkin takalmi. Ni dai na tsira da basilla ɗaya a aljihu da targaɗe a ƙafa. Sai da na yi mako kwance a gidan 'yata kafin na iya dogara sanda na zo majami'a, inda aka tsugunar da waɗanda ba su da wurin kwana.

Matan zumunta, ƙungiyar matan majami'ar, su ne ke riƙe da zauren. Dokarsu ɗaya ce: ba a barin mace mai makoki ita kaɗai. Bibbiyu suke zama kusa da kowace, in awa biyu ta cika wasu su karɓe su. Ba wa'azi, ba yawan tambaya. Su riƙe hannu, su yi addu'a ƙasa-ƙasa, su miƙa ruwa ko da za a ture. Na yi yawo, na sha ganin masu addu'ar da sai mutane sun taru muryarsu ke fitowa. Waɗannan ba irinsu ba ne.

A kusurwa, ƙarƙashin taga, akwai matar birkila. Mijinta ya fita aiki ƙetaren gada ranar ruwan, bai dawo ba. Kwana biyu bayan haka aka tsinci takalminsa na hagu a cikin laka. Kowa ya san takalmin, domin ƙafarsa ta hagu ta gaza ta dama tsawo, ni nake ƙara masa tudu a ƙasan. Da ganinsa aka cire sunan mutumin daga takardar waɗanda ake nema, aka mai da shi ta matattu. Ita kuma ta naɗe takalmin a ɗankwali ta rungume, ta daina cin abinci. Kusa da ita wata tela ce da ta binne 'ya'ya biyu, wadda ba ta ma kuka, bango kawai take kallo.

Ranar Alhamis ina zaune a harabar majami'a ina haɗa takalman da ruwa ya watso, uwar zumunta, shugabar matan, ta zo ta tsaya a kaina.

"Baba mai takalmi, jibi za a yi wa birkila sujadar bankwana. Babu gawa, takalmin za mu ɗora a tebur. Da ƙyar matarsa ta yarda ta ba ni. A wanke shi, a goge."

"Mama, ko man gogewa ba ni da shi."

"Kana da yawu da tsumma. Kada ka cika ni da surutu."

Na kwance ɗankwalin, na kankare lakar. Da na ɗaga harshen takalmin sai na ga jan zare, ƙulli uku. Na ajiye shi a cinya.

Ni karatuna bai je ko'ina ba, shi ya sa ba na rubuta sunan mai kaya. Zare nake ƙullawa. Baƙi, an gyara ana jiran mai shi. Ja, mai shi ya bar min, in cire abin da zai yi amfani. Da safiyar ranar ruwan birkila ya zo ya karɓi sabon takalmin da na yi wa tudu, ya sa a nan take, ya jefo min tsohon yana cewa in soya in ci. Na ƙulla masa jan zare, na rataye a ƙusa. Wannan takalmin daga bangon rumfata ruwa ya ɗauko shi, ba daga ƙafar mutum ba. Ina kwance na ji labarin an tsinci takalminsa, ban taɓa tambaya wanne ba.

Na kira uwar zumunta gefe na gaya mata. Ta dube ni kamar za ta mare ni.

"Ka tabbata?"

"Na tabbata takalmin bai ce ya mutu ba. Bai kuma ce yana da rai ba."

"To, ka ja bakinka ka yi shiru. Yarinyar nan ta binne shi sau ɗaya a zuciyarta. Ba zan tono mata shi in sake binnewa ba."

Ta ciro waya ta kira takwararta ta majami'ar ƙetaren kogi, wadda matanta ke zagaya babban asibiti suna yi wa marasa lafiya addu'a. Tun da gada ta karye ba wanda ya je can neman birkila, tunda takarda ta ce ya mutu. Na ji tana cewa, "'Yar'uwa, ku bar duba fuska, fuskoki sun kumbura. Ku duba ƙarƙashin gado. Takalmi baƙi, na hagu ya fi tudu da... da nawa, Baba?"

"Yatsa biyu. Ɗinkin farin zare, layi biyu."

Daga nan ta koma zaure, lokacin zamanta ya yi. Na bi ta na tsaya a bakin ƙofa. Ta durƙusa tsakanin matar birkila da telar, ta kama hannun kowace, ta ce, "Ya Yesu, kai ma ka yi kuka a bakin kabari, ka san nauyinsa. Abin da ba mu sani ba, kai ka sani. Ka riƙe 'ya'yan nan naka, mu hannunmu ya gaji." Iyakar addu'ar ke nan. Ni da rabona da rufe ido a addu'a an daɗe, na rufe.

Wajen ƙarfe huɗu waya ta yi ƙara. Uwar zumunta ta fito, ta saurara, ta jingina da bango, sannan ta miƙo min hoton da aka turo. Leda ce a ƙarƙashin gado, ga takalmi biyu, ga ɗinkina layi biyu. Hoto na biyu mutum ne da kai naɗe da bandeji, gemu ya fito masa. Katako ne ya buge shi, masu jirgin ceto suka tsamo shi a sume. Ya farfaɗo kwana uku da suka wuce, amma magana ba ta fita sosai.

Uwar zumunta ba ta ruga ba. Ta shiga a hankali ta zauna kusa da matar birkila, ta ce, "'Yata, zan nuna miki wani abu, amma sai kin kurɓi shayin nan." Matar ta kurɓa don a rabu da ita. Da ta ga hoton ba ta yi ihu ba. Ta shafa gilashin wayar da yatsa, ta ce, "Bai yi aski ba." Sai kukan ya zo, matan suka rufe ta, wasu na dariya wasu na share hawaye.

Da ta samu numfashi aka ba ta labarin zaren. Ta juyo ta harare ni.

"Baba, wato kwana tara ina rungume da shararka?"

"'Yata, ai shara mai kyau ce. Fata ce ta gaske."

Ta ɗauki takalmin daga inda na ajiye shi kusa da ita, ta jefe ni da shi. Bai same ni ba, hannunta ba ƙarfi. Uwar zumunta ta tura mata kwanon shinkafa ta ce sai ta cinye za a kai ta bakin kogi, jirgin ƙarshe ƙarfe shida yake tashi.

Ta ci loma uku, sai ta tsaya ta dubi telar, wadda duk wannan hayaniya ba ta sa ta juyo ba. Ta ja kwanon ta matsa kusa da ita har kafaɗarsu ta haɗu.

"Yaya, ba zan iya cinyewa ni kaɗai ba, kuma kin ji Mama, ba za ta bar ni in tafi ba. Taimake ni."

Ta ajiye shinkafar a tsakaninsu. Sannan telar ta sa hannu a kwanon.

Na sunkuya na ɗauki takalmin daga ƙarƙashin benci. Tudun nan yana da sauran amfani, akwai wata tsohuwa a zauren da ke ɗingishi.